Alƙalamin da Baba Ya Ƙi

Ku yi mini afuwa. Karanta labaran mutane kawai na iya, ban taɓa rubuta nawa ba, wannan ma na yaga shi ya fi a ƙirga. In kun ga kuskure, ku kau da kai.

Inji ɗaya ne a shagon, masu sonsa kuwa biyu: Yaya da ƙanwarsa, wadda kowa ke kira Gilashi saboda tabarau ba ya barin fuskarta. Injin na juya katako ne. Mahaifinsu ya yi shekara da shekaru yana fere alƙaluma a kansa, irin waɗanda ake zura wa bakin biro a ciki. Da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa hannunsa na dama ya daina fita, sai zaman shagon ya gagari 'ya'yan. In ta ɗaura katako, Yaya ya kwance. In ya ajiye cizal, ƙarfen da ake fere katakon da shi, ta ɗauke ta ce bai iya wasawa ba. Har gaisuwar safe ta koma ɗaga gira.

Da Baba ya gaji da ƙarar da suke kawo masa, ya ce kowa ya fere masa alƙalami ɗaya. Wanda ya zaɓi nasa, shi zai riƙe makullin shago, ɗayan ya nemi wata sana'a.

Yaya ya ɗauko jan katako mai zanen jijiya, ya fere shi siriri, ya yi masa ƙugu da zobba, ya goge shi da kakin zuma har sai da ya ga haƙoransa a jiki. Ita Gilashi ta san abin yana da kyau, shi ya sa ma ta ƙi kallonsa. Nata tunanin yana kan curin yumɓun da likita ya ce Baba ya riƙa matsawa don hannun ya motsa. Wata rana bayan ya gama, ta ɗauke curin ta shanya shi. Shatin yatsunsa ya fito sarai: babban yatsa ya lanƙwashe, manuni ba ya danna komai, na tsakiya ne ke ɗaukar nauyi. A kan wannan ta auna. Ta bar wajen riƙon da kauri, ta sauke shi daga inji ta zaftare gefe uku da hannu, ba ta shafa masa kaki ba don kada ya yi santsi.

"Malama Gilashi," in ji Yaya da ya leƙo, "wannan tabaryar a wane turmi za a daka da ita?"

Ta ce masa nasa ya kai wa mai son abin ratayawa a bango.

Ranar zaɓe, Umma ta ɗora tire a cinyar Baba, ta shimfiɗa farar takarda a kai. Baba ya fara ɗaukar na Yaya. Ya juya shi a haske, ya yaba ƙugun, ya ce wannan hannunsa ne sak lokacin yana da ƙarfi. Ya ɗora a takarda, alƙalamin ya sulɓe ya faɗa ƙarƙashin kujera. Yaya ya ɗauko ya ce gumi ne. Ya sake sulɓewa.

Sai Baba ya ɗauki nata, yana yamutsa fuska. Alƙalamin ya zauna cikin yatsunsa daram. Ya rubuta sunansa, a karkace amma ana karantawa, karo na farko tun da ya kwanta. Gilashi ta gyara tabarau, ta soma murmushi.

Baba bai yi murmushi ba. Ya daɗe yana kallon yadda kowane yatsa ya faɗa gurbinsa, sannan ya tambaye ta yadda aka yi ta san awon. Ta yi masa bayanin curin yumɓun, har tana ɗoki, bakinta na harɗewa.

"Wato ina fama da hannuna, ke kina gefe kina auna lalacewarsa," in ji shi a hankali. "Ɗan'uwanki ya yi wa maƙerin alƙalami alƙalami. Ke kin yi wa majinyaci."

"Baba, amma ai ka rubuta."

"Na rubuta. Kin ga na roƙe ki?"

Ya ture alƙalamin da bayan hannu, ya zaro makulli daga aljihu da hagu, ya jefa wa Yaya. Umma ta miƙe ta ce wannan ba adalci ba ne, girman kai ne kawai, mutum ya ga abin da ya yi masa amfani ya rufe ido. Baba ya ce da shagonsa ba za a koya masa rabo ba. Yaya, da ya kamata ya yi shiru, ya ce dama mace da inji sai dai a yi haƙuri. Umma ta juya kansa, ta tuna masa yawan katakon da ya fasa kafin ya iya riƙe cizal. Murya ta hau kan murya, har maƙwabciya ta leƙo ta taga tana ba da baki.

Gilashi ta duba fuskokinsu. Duk a kanta ake faɗan, amma ba mai kallonta. Ta bi jikin bango, ta zura takalmanta a bakin ƙofa, ta ja ƙyauren a hankali yadda ba zai yi ƙara ba, ta fita.