Suruki a Ɗakin Madubi

Da hantsi ne, rana ta buɗe a kan tuddan Kampala bayan yayyafin asuba, kwanon rufin asibitin yana ta fitar da tururi. Nakalembe tana tsaye a ƙofar ɗakin madubi. Ko ayabar da ta dafa wa yara da safe ba ta iya kaiwa baki ba.

Karatun halayyar ɗan'adam take yi, digiri na biyu, kuma yau ce ranar gwaji. Za a turo mata mutumin da ke da damuwa ta saurare shi, malamarta Dakta Atuhaire kuma tana zaune a bayan madubin bango, tana gani ba a ganinta. In ta ci, ta kama hanyar samun lasisi. In aka kama ta da karya doka, sai dai ta tattara ta koma gida. Babbar dokar kuwa ita ce ba a duba ɗan'uwa ko wanda aka sani.

Wandera, abokin karatunta, ya wuce yana cin gyaɗa.

"Hajjaju, wannan rawar ƙafa fa? Ke ce likitar ko ke aka kawo?"

"Wandera, don Allah rabu da ni."

"To ki tuna dai: ki miƙe, ki ba shi hannu, ki zauna kusa. Dakta na ƙin mai nesa-nesa da mutane."

Ta shiga ta zauna. Kujeru biyu ne, gwiwa kusa da gwiwa. Aka ƙwanƙwasa, ta miƙe da hannunta a shirye. Wanda ya shigo tsoho ne dogo, da farar riga har ƙasa da kwat a sama. Mukiibi ne, uban mijinta.

Hannun ya koma da kansa. Ba ta san lokacin da gwiwoyinta suka kai ƙasa ba. Tun da aka kai ta gidansu ba ta taɓa haɗa hannu da shi ba, ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba, ko ruwa sai dai ta ajiye ta ja da baya. Shi ma ya tsaya cak, yana riƙe da marfin ƙofa kamar wanda ya taka maciji.

"Ina kwana, Baba," ta ce.

Ya dubi madubin. An riga an gaya masa akwai mai kallo. Ya ja kujerarsa baya har ta bugi bango, ya zauna, ya yi magana ƙasa-ƙasa, bakinsa ba ya ko motsi sosai.

"Tashi, 'yata. Yi aikinki kamar ba ki san ni ba. Kada in ɓata miki abin da kika daɗe kina nema."

Ta koma kan kujera. Zuciyarta ta ce mata ai Dakta ba 'yar nan yankin ba ce, za ta ɗauka ladabi ne kawai irin na matan gari. Wa zai faɗa mata? Tsohon ba zai faɗa ba, shi da ya baro ƙauye a ɓoye. Amma ranar yaye ɗalibai fa, in ya zo ya zauna cikin dangi Dakta ta gane fuskarsa?

"Me ke tafe da kai?" ta ji bakinta ya faɗa.

Ya dubi takalminsa. "Barci ne ya ƙaurace mini. Tun da na binne matata, in na rufe ido sai in ji... Akwai abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba. Shi babban nasu ma..."

Babban nasu shi ne mijinta. Tsoro ya kama ta irin wanda bai kama ta ba tun safe. In ya ƙarasa, da wannan maganar za ta riƙa kwana a ɗakin ɗansa har ta mutu, ba ta da ikon furtawa.

"Baba, tsaya. Don Allah kada ka ƙarasa."

Ta fita da baya-baya, ta buɗe ƙaramar ƙofar da ke gefe, mai kaiwa bayan madubin. Dakta Atuhaire tana zaune cikin duhu, ta cire tabarau.

"Surukina ne, Dakta."

"Na ga yadda ya ja kujerarsa baya. Kuma duk da haka kika yi masa tambaya."

"Na yi."

Dakta ta mayar da tabaraunta.

"Ba zan kore ki ba," in ji Dakta. "Amma gwajin yau bai shiga lissafi ba. Sai zango mai zuwa. Shi kuma a kai shi wurin Wandera."

Zango guda kenan ya tafi, 'yan ajinsu za su wuce su bar ta. Ta fito tana share fuska da bakin mayafi.

Tsohon yana tsaye a baranda, yana duban ƙofofi masu kama da juna, mutane suna wucewa suna kallonsa. Ba ta yi masa magana ba. Ta wuce ta can gefe, ta yi gaba a hankali yadda zai iya biyo ta. Ta ƙwanƙwasa ƙofar Wandera, ta matsa nesa, ta juya fuskarta ga bango. Ya shiga bai dube ta ba, ya ja ƙofar.