Waken da Aka Zuba a Roba Ɗaya

Shekara goma sha tara Inna tana riƙe da makullin ɗakin ajiyar iri na ƙungiyar mata manoma, ba a taɓa ce mata ta je gida ta huta ba sai da baƙin nan suka zo. 'Yan sa-kai ne daga ƙasar waje, su shida, sun zo taimako na mako biyu. Yara ne masu kirki, wallahi, ga fara'a. Aibinsu ɗaya, ba sa iya ganin abu a ajiye su ƙyale shi.

Ɗakin Inna kuwa ba ya shiga ido. Ƙulle-ƙulle ne a tsummokara, rataye ko'ina. Na jan tsumma shi ne waken da ke nuna a kwana sittin, wanda ke ceton gida lokacin da abinci ya ƙare. Na shuɗi mai jinkiri ne. Na bayan ƙofa mai jure fari ne, wurin mahaifiyarta ta gaje shi. A ido, duk farin wake ne.

"Inna, ki huta kwana biyu," in ji shugabar ƙungiya. "Mamaki suke so su ba ki."

Sun kuwa ba ta. Ta dawo ta tarar da ɗaki ya sha fenti, an kafa kantoci, wake duk an juye shi a babbar roba ɗaya mai murfi. Tsummokaran ma an wanke su an ninke. Baƙi suna tafi, Inna tana kallon robar.

Ta ja shugaba gefe. "'Yar nan, sun haɗa mini iri. Ruwa ya kusa sauka, mata arba'in za su zo karɓa. Me zan ba su?"

"Ki rufa mini asiri, Inna. In suka koma da ɓacin rai, shi ke nan maganar famfon da suka yi mana alkawari ta mutu. Ki yi musu godiya kawai."

Ta yi godiyar. Ta rasa wanda za ta yi wa faɗa.

Washegari ta ɗebo waken a faranti ta zauna a bakin ƙofa, ko Allah zai sa idonta ya bambance. Ƙaramar cikin baƙin ta zo ta durƙusa kusa da ita, ta sa tafintan da ke yi musu fassara ya tambaya me ake warewa, ita ma ta taya.

Inna ta ɗora ƙwaya biyu a tafin hannu. Ta juya su, ta kai su hasken rana, ta sake juyawa. Ita kanta ba ta san wanne ne na mahaifiyarta ba.

"Ce mata tsakuwa nake cirewa," ta ce.

Yarinyar ta yi dariyar jin daɗi, ta dafa kafaɗar Inna.

"Ta ce kada ki wahalar da kanki," in ji tafinta. "Sun tsince shi tas, sannan suka gauraya shi sosai."