Inda Na Katse Ta

Saura wata biyu in miƙa bincikena na zame a matakalar ofis, hannuna na dama ya karye. Hira goma sha huɗu na naɗa da matan da suka yi jinyar iyayensu a gida, uku kacal na mayar rubutu.

Gwaggo, yayar babana, ta zo duba ni. Shekara talatin ta yi tana buga takardu a kotu kafin ta yi ritaya. Ta dubi filastar hannuna, ta dubi kwamfutar.

"Da yatsa ɗaya za ki gama? Sai dai jikanki ya karɓi digirin. Matsa."

Sai da malamina ya amince, ta sa hannu a takardar riƙe sirri, sannan muka fara. Kullum da hantsi take zuwa. Ba ta tsallake komai: tari, dariya, kukan jariri. Shiru ma sai ta ƙirga daƙiƙunsa ta rubuta.

A hira ta tara ta tsayar da sautin.

"Zo ki ji, 'yar nan. Matar ta ce 'ranar da ya daina gane ni', ta ja numfashi. Ke kuma kika jefa mata tambayar magani."

"Ita ce tambaya ta gaba, Gwaggo."

"A takardarki. Ita ba ta gama ba."

Sau uku na saurara, kunya ta rufe ni. Washegari na kira matar, malamar firamare ce, na ba ta haƙuri. Ta ce in zo.

A falonta ta gaya mini cewa tun daga ranar nan mahaifinta ya koma kiran ta Inna, yana zaton mahaifiyarsa ce. Shekara biyu tana amsa sunan, tana ba shi abinci a baki. Ko ƙannenta ba ta taɓa faɗa wa ba. Wannan karon na kama bakina har ta gama.

Na sake komawa wurin wasu mata biyar da na katse wa magana. Babi na huɗu na binciken daga bakinsu ya fito.

Ranar da aka cire mini filasta saura hira biyu. Na ce wa Gwaggo ta huta, zan ƙarasa.

"Wallahi ban san yadda zan gode miki ba."

"Ɗora mini ruwan shayi," in ji ta, idonta na kan kwamfutar. "Kuma ki bar ni in ji ƙarshen hirar matar nan da nake bugawa. Na saba da muryarta."