Kujerar da Mai Walda Ya Ƙera

"Idan ka tura abin nan zuwa makaranta, wallahi sai ka ɓata wa Auta komai," in ji matarsa daga bakin ƙofa.

Mai walda bai ko ɗago ba. Yana durƙushe yana ɗaure notin ƙarshe a tayar kujerar guragun da ya yi mako uku yana ƙerawa a bayan shago.

Wata huɗu ke nan da likita ya ce Auta, 'yarsu mai koyarwa a aji huɗu na firamare, tana da ciwon da ake kira MS. Ya yi wa uban bayani daidai sana'arsa: jijiya kamar wayar lantarki ce, jiki da kansa ke cinye robar da ta rufe ta. Ba a ɗaukarsa. Yakan taso, yakan lafa, kuma da yawa suna aikinsu shekara da shekaru. Amma mai walda bai fito da komai daga ofishin likitan ba sai hoton waya tsirara.

Tun daga ranar kowa ya zama likita. Gwaggonta ta ware mata kofi. Maƙwabci ya ce ai ciwon tsofaffi ne, na'urar asibiti ce ta rikice. Wani ya dubi kumatunta ya ce lalaci ne kawai. Yanzu kuma wasu iyaye sun kai ƙara, ba sa son ta taɓa littattafan 'ya'yansu. Yau hedimasta zai yanke ko za ta ci gaba da riƙe ajin.

"Ke ba ki san mutane ba," ya ce wa matar. "Suna ganin kujerar nan tausayi zai kama su."

Ya tura kujerar a gefen titi, babu kowa a kai, masu babur suna waiwaye. Ya tarar da ƙofar ofishin hedimasta a buɗe. Auta na tsaye, takardar likita a kan tebur.

"Kwana uku kacal na yi fashi a zangon nan, Malam. Duba rajista. Kuma ga shi a rubuce, ba a ɗauka."

Hedimasta yana gyaɗa kai, har ya cire murfin biro. Sai taya ta yi ƙara a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ni ne mahaifinta," in ji mai walda, yana haki. "A taimaka mata don Allah. Ga abin da ke jiranta."

Hedimasta ya dubi kujerar, ya dubi Auta, ya mayar da murfin biron.

"Au, har abin ya kai haka? Ajin nan fa a saman bene yake."

"Bai kai ba, Malam! Da ƙafata na zo!"

"To, na ji, Malama. Bari dai in sake nazari. Sai Litinin."

A waje, ƙarƙashin baranda, Auta ta juyo kan uban.

"Baba, me na yi maka? Gwaggo ta ware mini kofi, na yi shiru. An ce ƙarya nake, na yi shiru. Amma kai da likita ya zaunar ya yi maka bayani tiryan-tiryan?"

"Na sa mata birki mai kyau," ya ce a hankali.

"Birki!"

"To me zan yi, Auta? Ba na iya barci. Ni ban iya komai ba sai ƙarfe."

Ta yi tsaki, ta share ido da bayan hannu. Ta daɗe tana kallon kujerar. Ko'ina ya goge ya yi sumul, babu inda zai yagi tufafi.

"Mayar da ita shago, ka rufe. Idan ranar ta zo, ni zan ce ka fito da ita. Ni, ba kai ba."

Aka buga ƙararrawa. Ta kama ƙarfen bene da hannun hagu, ta fara hawa, ƙafar dama tana ɗan ja. Ya ɗaga ƙafa zai bi ta, ya fasa. Ya tsaya har sai da ya ji yara sun haɗa baki suna gaishe ta, sannan ya juya kujerar ya nufi ƙofar fita.

Bai san abin da hedimasta zai ce ranar Litinin ba. Ko Auta za ta taɓa zama a kujerar kuwa, likitan ma ya ce bai sani ba.