Idon Hagun Mai Gyaran Agogo

Mai gyaran agogo ya sake goge ɗan gilashin da yake maƙalawa a idonsa na dama, ya mayar, ya leƙa cikin agogon. Jan tabon nan yana nan daram. Ya zagi gilashin, ya zagi wanda ya sayar masa, har sai da ya cire shi ya dubi bango, ya ga tabon ya biyo shi. Ashe a idon yake. Da wannan idon ya ci abinci tun yana saurayi, na hagun kuwa aikinsa kawai ya runtse.

'Yarsa ce ta ja shi asibiti, yana tafe yana mita. Likitar ido ta ɗiga masa magani, ta haska, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, akwai wasu 'yan tsakuwoyi a bakin jijiyar ganinka. Sun daɗe a wurin. Su ne suka matsi wata 'yar jijiyar jini ta fashe."

"To, a tsince su mana. Ni kullum abin da ya fi su ƙanƙanta nake cirewa da hantsaki."

Ta yi murmushi. "Ba sa ciruwa, Baba. Jinin dai sau da yawa yakan washe da kansa. Za mu riƙa dubawa."

"In bai washe ba fa?"

"Ba zan yi maka alkawari ba. Na hagun ma yana da su, amma yana gani lafiya."

A mota 'yar ta yi ta lallashi. "Baba, don Allah ka rufe shagon nan ka huta." Ya kau da kai yana kallon titi. Tsoro ne fal cikinsa, kuma ba ya so ta ji shi a muryarsa.

Da suka iso, mutumin da ya kawo agogon gyara na tsaye a bakin shago yana jira. Tsohon ya zauna, ya juya gilashin a hannu, sannan ya maƙala shi a idon hagu. Gira ta ƙi riƙewa, ya faɗo. Ya mayar. Hantsaki ya kai cafka ya kama iska, 'yar kusa ta gangara ƙarƙashin tebur.

"Ko in dawo wani lokaci, Baba?"

"Zauna, ɗana," ya ce, yana laluben kusar. "Ka yi haƙuri da idon hagun nan, yau ya fara koyon aiki."