Shantiyen Gidan Gaskiya

Maigidana, Baban Zuhaira, mataimakin shef ne, wato shugaban ma'aikata, a shantiyen da ake gina shaguna a bakin kasuwar Belbeji. Shi ke sanin ranar da siminti zai zo, da maginin da bai fito ba. Bara sai Alhaji Abdulgani, mai kwangilar, ya kawo wata na'ura da ke zaune cikin salula, wai ita za ta riƙa wannan aikin. Da farko Faransanci take yi, magina suka ƙi kula ta. Sai aka sa maigidana ya yi ta yi mata magana har ta ɗauki muryarsa, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya ce wani abu.

Zazzaɓi ya ɗauke shi bayan girbi. Ina cikin takaba, salularsa tana ƙarƙashin matashina, sai wata safiya ta yi ƙara. Na ɗauka. Na ji tarin nan.

"Ina kwana. Ina Ismail?"

Muryarsa ce, tana tambayar inda yake. Ni ban taɓa kiran sunansa ba, ga shi yana kiran kansa. Na ce, "Ya riga mu gidan gaskiya."

"Gidan Gaskiya. Sabon shantiye ne?"

Na fashe da kuka.

"A ina yake?"

Na ce yamma da gari, bayan itatuwan aduwa.

"An yi katanga?"

Na ce babu, awaki ma ratsawa suke yi.

"Mutum nawa ke wurin?"

Na ce Allah kaɗai ya sani.

"Suna aiki?"

Na ce suna kwance.

Ya yi tari ya ce, "Za a gyara."

Washegari Mato direba ya sauke siminti da ƙarfe a maƙabarta. Ya biyo ta gidanmu, ya tsaya a zaure yana magana ta bayan zana.

"Maman Zuhaira, wa zai karɓi kaya? Na yi sallama har na gaji, ba wanda ya amsa."

Na ce, "Kai Mato, ba da kai aka kai Baban Zuhaira can ba?"

"Da ni. To amma shi ya kira ni da bakinsa! Ya ce in na makara zai gaya wa Alhaji. Yana da rai ma ban musa masa ba, balle yanzu."

Daga nan kullum da safe sai mai muryar ya kira. Ina shara da wuri, in zauna in jira. Yakan tambayi ko ma'aikata sun tashi, in ce ba su tashi ba. Ya turo yashi. Ya turo tankin ruwa daga Tanut. Ya aika wa magina cewa mutanen Gidan Gaskiya sun fi su ladabi, ba wanda ya taɓa neman izinin zuwa biki. Ni dai ban gyara masa ba. Da ya gama tambayoyinsa sai in ba shi labarin Zuhaira da na tunkiyar da ta haihu, yana cewa, "An ji."

Sai ga Alhaji Abdulgani da Mato a zaure, ko gaisuwar kirki babu.

"Baiwar Allah, rabin kayan shagunana suna maƙabarta! Miƙo salular nan, yau za a shafe muryar."

Na riƙe ta da hannu biyu. Na ce, "Alhaji, kun binne shi sau ɗaya, bai isa ba?"

Sai ya ce, "To miƙo in yi masa magana."

Na tura ta ƙarƙashin zana. Na ji yana cewa a rufe shantiyen Gidan Gaskiya, sai ga tarin nan.

"Ba a rufe shantiye sai mai kula da shi ya ce an gama."

"Wa ke kula da shi?"

"Ismail."

"Ismail ya mutu!"

"Yana wurin aiki. Bai taɓa fashi ba."

Mato ya ce, "Wallahi Alhaji, nan kam ya fi ka gaskiya."

Alhaji ya kira waɗanda suka sayar masa da na'urar. Suka ce za su iya raba ta da shagunan, amma aikin da aka buɗe ba ya gogewa sai an kammala shi. Ya tsaya yana huci. Ya ce simintin da ya riga ya kwana cikin matattu ba zai sa shi a shagon kowa ba, a yi katangar da shi, Allah ya kai ladan kabarin Ismail. Ya turo mini salular da ƙafar takalminsa, ya fita.

An yi katangar, awaki sun daina shiga. An hana mai muryar taɓa siminti da kamiyon ɗaukar kaya, saura ni kaɗai yake kira. Ran nan ya yi tari ya ce, "Yaushe ma'aikata za su tashi?"

Na ce, "Sai ranar tashin ƙiyama."

"An ji. Zan riƙa kira kafin nan."

Na ce to, Allah ya kai mu. Na tashi na ɗora koko.