Zare Na Tela Ne

Duk layin masu gyara babu wanda ya kai Baba Mai Firam raina mutane, kuma abin haushin shi ne yana da abin yin rainin. Shekara talatin da huɗu yana haɗa firam ɗin keke da hannunsa, ba irin na kanti da ake zubowa dubu-dubu ba. Nasa sai ka zo ya auna tsawon ƙafarka da na hannunka, ya dube ka sama da ƙasa kamar mai sayen rago, sannan ya yanka bututu daidai jikinka. In bai ga ka cancanta ba, sai ya ce ka je ka sayi na kanti, ai shi ma ƙafa biyu gare shi.

Taƙamarsa duka tana kan teburin ɗauri. Wani farantin ƙarfe ne mai kaurin tafin hannu, da hannuwa biyar a tsaye a kansa, kowanne da aikinsa: ɗaya ya riƙe bututun wuya, ɗaya bututun sirdi, ɗaya gindin feda, biyu kuma su riƙe ƙafafun baya inda taya ke shiga. Sai an ɗaure kowane bututu tamau a kusurwarsa kafin a sa masa wutar walda, don in ya goce ko da kaurin farce ne, keken ya tashi ke nan da gocewarsa har ya mutu. Baba da kansa ya ƙera teburin a shekarar da ya yi aure, yana kiransa Tsohuwa, kuma ko kofin shayi bai yarda a ɗora masa ba.

A bango, sama da Tsohuwa, akwai firam na farko da ta haifa, wanda yake kira Ɗan Fari. Duk wata shida zai sauko da shi ya share ƙura, ya ɗora a kan teburin. In ya zauna daram a cikin hannuwan nan biyar, to Tsohuwa na nan lafiya. Bai taɓa ƙin zama ba. Sauran masu firam kan zagaya zare daga ƙafar baya ta hagu, ya bi ta wuya, ya dawo ƙafar dama, su duba ko bututun sirdi na tsakiyar zaren. Baba ya ce wannan aikin waɗanda ba su yarda da kansu ba ne. Zare na tela ne, in ji shi, ido kuwa ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ko guntun zare ba ya kwana a shagonsa.

'Yarsa Auta ita ke yi masa fenti, a wani ɗan ɗaki da ke bayan shagon. Tun tana shekara tara take hawan kekunan ubanta, yanzu ta haura talatin, kullum a keke take zuwa aiki. Abu ɗaya ne ya gagare ta: sakin hannu. Da ta ɗaga hannuwanta daga kan keken sai ya ja ta hagu, ta yi maza ta cafke. Baba kuwa yakan bi layin tun daga bakin titi har ƙofar shago hannuwansa a harɗe a ƙirji, yana amsa gaisuwa. Ya sha faɗa a gaban mutane cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don haka wannan ba daga wajensa ba ne.

"Dangin uwarki kika biyo," yakan ce. "Duk a karkace suke tafiya."

Uwar tana raye ana wannan wasa, ta rasu ba a daina ba. Auta takan yi murmushi ta ci gaba da motsa fenti. Abin yana mata ciwo, kowa ya sani, shi ma ya sani.

Da bayan Baba ya fara ƙin sunkuyo, Auta ta kawo mijinta ya riƙa taimakawa. Mutum ne marar hayaniya da ya yi shekaru a masana'antar injina, mai yawan wanke hannu, mai fensir a bayan kunne. Baba ya sa masa suna Injiniya, kuma yadda yake jan sunan ya ishe ka sanin ba yabo ba ne. A ganinsa duk wanda sai ya rubuta lamba kafin ya yanka ƙarfe, to bai san ƙarfe ba, lambar ya sani. Sirikin bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba, komai aka ce sai ya ce to Baba. Wannan ladabin ma haushi yake ba tsohon, don ba a jin daɗin dukan abin da ba ya ƙara.

Wata bakwai ana haka, sai wata safiya aka sauke wani abu a ƙofar shago, lulluɓe da bargo kamar marar lafiya. Teburin ɗauri ne sabo, na farin ƙarfe, Injiniya ya ƙera shi a gida a ranakun hutu. Hannuwansa suna zamewa a kan layin dogo, ko'ina an zana masa lambobi, har da wani ɗan agogo mai allura da ke rawa in abu ya goce. Baba ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce ashe yanzu har agogo ake ɗaura wa tebur, to ƙarfe nawa yake tashi aiki? Mai faci, maƙwabcinsa kuma abokin hirarsa na shekara ashirin, ya yi dariya har da buga cinya.

Sai dai shagon ɗan tsukuku ne. In ka cire wurin tukunyar gas da bencin baƙi da hanyar shiga ɗakin fenti, tebur ɗaya kawai yake ɗauka. In sabon ya shiga, Tsohuwa sai hannun 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe. Baba kuma ya san ba teburin kaɗai za a fitar ba. Shi bai iya karanta lambobin nan ba, ba kuma zai tsaya siriki ya koya masa ba, wato daga ranar ya koma mai zaman benci ke nan, mai cewa sannunku da aiki a shagon da ya gina.

Injiniya bai iya faɗa masa ido da ido ba, ta bakin Auta saƙon ya zo. Ta ce mijin nata ya gwada firam uku na ƙarshe, ya tarar duka ƙafafun bayansu sun goce gefe ɗaya da milimita huɗu, kuma yana jin laifin daga hannun baya na Tsohuwa ne. Baba ya sauko da Ɗan Fari a fusace, ya ɗora, ya zauna daram. Ya ce ta kira mijin nata ya zo ya gani da agogonsa. Sirikin ya zo ya duba, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ai a kanta aka haife shi," ya ce a hankali. "Dole ya zauna."

Tsohon bai tsaya jin ma'anar maganar ba, abin da ya ji kawai shi ne an mayar masa da magana. Nan take ya yanke hukuncin da shi kansa ya ga ya yi kyau. Kowa ya haɗa firam ɗaya a kan teburinsa, bututu iri ɗaya, awon Auta. Mai faci ya ɗaura musu taya da sirdi iri ɗaya, ya naɗe duk mahaɗar walda da tsumma don kar ta gane hannun ubanta ko na mijinta. Ta hau duka biyun, wanda ta zaɓa teburinsa ya zauna, ɗayan ya bi 'yan gwangwan. Ya ce gani ya kori ji.

Kwana tara aka yi. Baba a cikin shago, Injiniya a ƙarƙashin rumfar waje. Tsohon yakan leƙo ya ga mutumin yana ɗiga walda kaɗan nan, ya juya ya ɗiga can, ya tsaya ƙarfe ya huce, ya duba allura, ya rubuta. Ya ce wa mai faci ka ga mai walda ko mai ba jariri magani. Shi kuwa ya yi aikin da ya daɗe bai yi irinsa ba, bayansa na sara yana cije baki, ya fitar da mahaɗa sumul kamar an shafa da yatsa. Wajen kyau dai, gaskiya ɗaya ce, ko kusa na sirikin bai kama ƙafarsa ba.

Ran gwaji da hantsi mai faci ya fito da kekuna biyu tsirara ba fenti, ya jingina a bango. Masu gyaran layin suka bar aikinsu suka tsaya a ƙofofi. Baba ya gane nasa tun daga nesa, ko an naɗe shi da buhu zai gane, kuma shi Auta ta fara ɗauka. Ta tafi har bakin titi ta juyo. Keken yana gudu shiru, ba ƙara ba girgiza. Da ta zo tsakiyar layi ta gwada ɗaga hannu, kamar yadda take gwadawa a kan kowane sabon keke tun tana yarinya. Ya ja ta hagu, ta cafke. Baba ya taɓe baki ya dubi mai faci, irin kallon nan na ai na faɗa.

Ta hau na biyun. Da farko har ta ɗan yi tangaɗi zuwa dama, kamar mai ɗauke da bokiti a hannu ɗaya da aka karɓe mata ba zato. Tsohon ya yi dariya a fili. Ta je bakin titi, ta juyo, ta gyara zama. A daidai wurin ɗazu ta ɗaga yatsunta, sannan tafin hannun, sannan ta miƙe zaune ta sauke hannuwan duka biyu a gefenta. Keken ya taho ɗoɗar. Ta wuce shagon mai faci, ta wuce ubanta, ta wuce mijinta, ba ta tsaya ba sai ƙarshen layi. Can ta juyo ta sake yi, wannan karon hannuwa a harɗe a ƙirji.

Ba wanda ya yi tafi. Baba ya ce sa'a ce, ya karɓi keken daga hannunta tun ba ta gama sauka ba. Ya ce bari ya nuna musu yadda abin nan yake a hannun wanda ya san keke. Ya hau, ya taka sau biyar, ya harɗe hannu yadda ya saba. Shekara talatin da huɗu ƙugunsa na danna dama don ya biya bashin teburinsa, har jikin ya manta yana yi. Yanzu babu abin da zai danne. Keken ya bi umarnin ƙugun, ya kwashe shi dama tiryan-tiryan, ya zube shi cikin tarin tsofaffin tayoyin mai faci.

Bai ji ciwo ba, tayoyi ne. Da ma ya ji, da an sami abin yin magana a kai. Injiniya ya rugo zai ɗaga shi, ya ture hannun. Mai faci, wanda ya fi kowa dariya ran da aka kawo tebur mai agogo, ya duƙa yana gyara tayoyinsa kamar bai ga komai ba, wai shi mai kunya.

Auta ta shiga ɗakin fenti ta fito da wani abu a dunƙule a hannu. Zare ne, wanda take rataye ƙananan ƙarafa da shi in ta fesa musu fenti. Ta sauko da Ɗan Fari daga bango da kanta, abin da ba wanda ya taɓa yi, ta ɗaura zaren a ƙafar hagu, ta zagaya wuya, ta ja shi ƙafar dama. A gefe ɗaya na bututun sirdi ɗan yatsanta ya shige har da sauran wuri. A ɗaya gefen ko farce bai shiga ba.

Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ƙurar taya a gwiwarsa, bai matso ya duba ba. Ba ya bukata. Ya taɓa ganin wannan, wata rana da rana tsaka shekara ashirin da biyu da suka wuce, ran da wata yarinya 'yar shekara tara ta dawo da gwiwa a ƙuje tana kuka wai keken ne ke janta. Ran nan ya sa zare, ya gani, ya dubi teburin da ya riga ya haifi firam ɗari uku masu ɗauke da sunansa. Sai ya cusa zaren a aljihu, ya fita ya gaya mata dangin uwarta ta biyo.

Auta ta dube shi, ta ga bai matso ba, ta ga kuma bai yi mamaki ba. Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da shi yake yi wa keken kanti.

"Tun yaushe ka sani, Baba?"

Ya buɗe baki zai ce zare na tela ne, sai ya ɓuge da kakkaɓe ƙurar taya daga gwiwarsa.

Ta kwance zaren ta naɗe a yatsa. Ta ce wa mijinta ya je ya kira 'yan gwangwan, su zo mutum huɗu don Tsohuwa na da nauyi. Sannan ta jawo bencin baƙi ta matsar da shi jikin bango inda ba zai tare hanya ba, ta share shi da gefen tsumman fenti.

"Zauna nan, Baba," ta ce. "Inna dai a miƙe ta yi tafiyarta har ta gama."